Ƙanƙarar da Baba Ya Nema

A bazarar shekarar da gwamnati ta ce motoci su koma bin hannun dama ne mahaifina, Baba Lado, ya daina cin abinci. Lokacin ina Karaye ina suyar ƙosai a bakin tasha, na yi aure na gaji na kama sana'ata. Aka aiko daga Rogo cewa tsoho ya kwanta. Na kife kaskona na hau motar 'yan kasuwa.

Na same shi a ɗakinsa an lulluɓe shi da bargo, ga kaskon garwashi a gindin gado, a cikin zafin da kaji ma da baki buɗe suke yawo. Aikin ƙanwarsa ne, Gwaggo Saude, wadda ta tare a gidan don jinya. Ita Gwaggo a wurinta babu wata cuta a duniya sai sanyi. Ciwon kai sanyi ne, ciwon gwiwa sanyi ne, wanda jaki ya harba ma cewa take sanyi ne ya sami ƙofa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyar, ya ture kwanon kunun da Gwaggo ke tura masa, ya ce, "Laure, ƙanƙara nake so."

Na ce, "Baba, a bazara? Ko hadari bai fara haɗuwa ba."

Ya ce, "Ba wadda ke faɗowa daga sama tana yayyaga ganyen dawa ba. Wadda ake jefawa a ruwan sha."

Na gane. Yana saurayi ya tafi aikin hajji a ƙasa, ya tsaya dako a bakin teku a Sudan, wani mai dafa abinci a jirgin ruwa ya ba shi ruwa a kofi da ƙanƙara tana yawo a ciki. Shi ke nan abin da ya faru, amma mun ji labarin nan har mun haddace.

"Sau ɗaya na sha," in ji shi. "Ina so in ƙara kafin in tafi."

Gwaggo ta yi salati ta ja masa bargon har wuya. Ni kuwa na fita tsakar gida na tsaya, don na ga idonsa, na san ba gigin zazzaɓi ba ne. Mutumin nan tun da nake bai taɓa roƙona ko allura ba. Na ce wallahi sai ya sha.

Ina da ƙane, Nasidi, kukun wani Bature mai awon ƙasa da ya yi zango a bayan Karaye, ƙarƙashin wata ɗorawa. Baturen ba ya kwana a bukka, ɗaki gare shi mai taya wanda yake ja da mota. A cikin ɗakin akwai gado, akwai benci biyu masu katifa suna kallon juna, can ƙurya kuma ga wani farin akwati da Nasidi ke kira firji. Zafi ya kori Baturen, ya ɗauki motarsa ya tafi Jos shan iska, ya bar wa Nasidi ɗakin da makulli.

Nasidi irin mutanen nan ne da in sun yi wata guda da Bature sai su fara tari irin nasa. Da na koma Karaye na gaya masa, sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Yaya, wannan ƙaramin aiki ne." Ya zagaya da ni bayan ɗakin, ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya murɗa kan tukunyar gas, ya danna wani maɓalli da babban yatsa, ya ƙyasta ashana. Wata 'yar wuta shuɗiya ta kama, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Na ce, "Kai, ƙanƙara na ce maka, ba shayi ba."

"Ai da wutar take yin sanyin."

"Nasidi, ni za ka mayar 'yar yarinya?"

Ya rantse. Washegari kuwa ya fito da wani farantin ƙarfe mai ɗakuna-ɗakuna, kowane ɗaki da ƙanƙararsa. Na taɓa, na janye hannu, na ce Allah mai iko. Muka zuba a kwano, muka naɗe da buhu, Nasidi ya ɗaure a bayan keke ya kama hanyar Rogo, ni na biyo shi a mota. A ƙofar gida na tarar da shi yana haki kamar zai shiɗe. Ya kwance buhun da girmamawa, ya buɗe kwanon, sai ga ruwa mai ɗumi da ƙuda ɗaya yana iyo.

Na ce, "To, tunda 'yar ba ta iya tafiya, uwar za ta zo. Ai taya gare ta."

"Yaya, ɗakin Bature ne fa!"

"Baturen ne ya haife ka?"

Ya miƙa wuya. Muka koma Karaye, na nemo Ɗantala, wani mutumin Kafin Dafga mai shanun huɗa, wanda ya daɗe yana cin ƙosaina yana yabon hannuna. Na ce yau ranar da yabo zai yi amfani ce. Ya ɗaura bijimansa a hancin ɗakin, Nasidi ya kashe wutar don ya ce ba a tafiya da ita a kunne, muka ɗauki hanya.

Kada ku tambaye ni wannan tafiya. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo. Wasu suka ce asibiti ne, wasu suka ce kurkuku ne na tafi-da-gidanka, wata tsohuwa ta bi mu da ƙoƙon nono tana so ta gaida amaryar da ke ciki. A wata mararraba wani ɗan sanda ya tare mu ya ce mu koma hannun dama, doka ce sabuwa. Ɗantala ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ji a rediyo, su ne ba su ji ba." Ɗan sandan ya tsaya gaban bijiman ya yi musu bayani da hannu. Suka saurare shi har ya gama, suka ci gaba da bin hagu. A hanya muka kwana, muka shiga Rogo da hantsi, rabin gari na biye da mu.

Muka ajiye ɗakin a ƙofar gidanmu. Na shiga na ce, "Baba, na kawo uwar ƙanƙara, tana waje."

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Yaushe za ta nuna?"

Na ce gobe in Allah ya so. Da na san abin da ke gaba da ban sa rana ba.

Sai a lokacin Nasidi ya ga damar gaya mini sharuɗɗan abin. Wutar kada ta mutu. Ƙofar akwatin kada a riƙa buɗewa. Babba kuma, ɗakin sai ya tsaya daidai, kada ya karkata ko kaɗan, in ya karkata wutar za ta yi ta ci a banza, sanyi ba zai zo ba. Na ce wannan wane irin akwati ne mai tsirfa kamar mai sabon ciki? Ya ce haka Bature ya ce. Ya ɗebo ruwa a faranti ya ajiye a kan akwatin, ruwan ya gudu gefe guda, don ƙofar gidanmu gangare ce zuwa kududdufi. Ɗantala ya kawo fartanya aka yi ta haƙa ƙarƙashin taya ɗaya, ana cusa duwatsu ƙarƙashin ɗayar, Nasidi na ciki yana ihu, "Ƙara! Ya isa! Kun zarce!" Sai bayan azahar ruwan ya kwanta a tsakiyar faranti. Aka kunna wuta, aka cika farantin ƙarfen da ruwan rijiyarmu, aka rufe.

Ko numfashi ban gama saukewa ba sai ga mai unguwa Ɗanmaliki ya zo duba Baba. Mai unguwa mutumin kirki ne, abokin Baba tun suna yara, amma Allah ya yi masa jiki. Dokinsa in ya hango shi tafe sai ya juya kai bango. Ya shiga ya gaida mara lafiya, ya fito, ya tsaya yana kallon ɗakin. Ya ce baƙon abu irin wannan ba zai sauka a unguwarsa ba tare da ya sa ido ba. Ya tattara babbar rigarsa ya hau, ya zauna a bencin dama, ya ce, "Madalla."

Ɗakin ya yi ƙara ya kwanta dama. Ruwan faranti ya zube a ƙafar Nasidi.

Nasidi ya fito yana zufa ya ja ni gefe. "Yaya, ki ce masa ya tashi."

"Kai ka ce masa mana, ba kai ne mai Turanci ba?"

To wa zai ce wa mai unguwa tashi? Mutum ya zo gaida ubanka, ka ce masa nauyinsa ya yi yawa? Ni da ake cewa bakina ba shi da linzami, na je har ƙofa na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, a kawo ruwa?" Ya ce a kawo, da ɗan goro in akwai.

Ɗantala ne ya kawo shawara. Ya ce in jaki ya karkata ba sauke kaya ake yi ba, ƙara wa ɗaya gefen ake yi. Aka kira tela ya shiga. Amma tela ya ce shi bai isa ya hau benci ya yi kafaɗa da kafaɗa da mai unguwa ba, sai ya tsuguna a ƙasa ta hagu. Bai isa ba. Aka ƙara wanzami, ya tsuguna kusa da shi. Saura kaɗan. Aka kira ladan, ya shiga, sai kuma hagu ta rinjaya. Aka yi ta gwaji har aka gano cewa mai unguwa daidai yake da tela da wanzami da rabin ladan. Saboda haka ladan ya zauna a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya tana lilo a waje. Da aka kawo wa mai unguwa tuwo ya cinye, Nasidi ya duba faranti ya ce, "Malam, shigo da ƙafar."

Shi mai unguwa bai san me ake ciki ba. Ya ɗauka fadanci aka zo yi masa, har ya fara sauraron ƙararraki a ciki. In zai karkata ya tofar da tuƙar goro ta taga, su ukun sai su karkata ɗaya gefen. In lokacin salla ya yi, a tashi tare, a dawo tare, kowa ya koma gurbinsa. Da ya tafi gida bayan magariba na ce alhamdu lillahi, ɗakin zai kwana daidai, da safe mu ga alheri.

Da safe Nasidi ya buɗe akwati, ruwa na nan ruwa. Ya zagaya baya, wuta a mace, ga guntun kara a bakin 'yar ƙofar. Ashe labari ya zaga unguwa cewa akwai wutar da ba ta mutuwa a ƙofar gidan Lado. Ku kun san yadda muke, wanda murhunsa ya mutu gidan maƙwabci yake zuwa ɗibar wuta, ba a kuma hana wuta. Tun da asuba tsofaffin unguwa suka yi layi da karansu. Ta farko ta samu, ta biyu ta samu, sai Iya Ruƙayyatu mai daddawa ta ga wutar ta yi mata ƙanƙanta, ta sunkuya ta hura mata don ta taimaka.

Na je gidanta ina huci. Ta ce, "'Yar nan, ai wutar taku ce ba ta da ƙwari. Ni da na ga haka har tausayinku na ji."

Tausayin nan nata shi ya kusa tashin unguwar. Mun sake kunna wuta, mai unguwa da ma'aunansa sun hau sun zauna, na shiga gida ina dama wa Baba kunun da na san ba zai sha ba, sai na ji Nasidi yana kururuwa kamar an yanka shi. Na fito da gudu. Iya Ruƙayyatu ta bi gida-gida ta ce 'ya'yan Lado na babban girki da wuta kamar ta fitila, ba su da itace, kunya ta hana su faɗa. Kowane gida ya aiko da gudummawa. An tara itace da kara a ƙarƙashin ɗakin, daidai saitin akwatin, har an cinna. Tukunyar gas na gefe, mai unguwa na sama yana yanke hukunci a kan wata akuya.

Nasidi ya yi ta watsa ƙasa da hannu biyu yana kiran sunan Allah da na Bature. Ɗantala ya janye itacen da fartanya. Ni na juye tulun ruwa a kai. Hayaƙi ya turnuƙe, mai unguwa ya leƙo ta taga ya ce wa ke gasa masara ba a kawo masa ba. Masu gudummawa kuma suka yi fushi, wai an raina alherinsu.

Nan na ɗauko muciya. Na tsaya a ƙofar gida na ce duk wanda ya ƙara kusantar bayan ɗakin nan da kara, ko da itace, ko da bakinsa, zan manta da girmansa. Na sa Ɗantala ya zauna a wurin da sandar shanunsa.

Na rufe baya, ashe gaba a buɗe take. Duk wanda ya zo duba Baba, in ya fito sai ya hau ɗakin ya gaida mai unguwa, sannan ya buɗe akwatin ya leƙa, yadda ake buɗe tukunya a ga ko ta tafasa. Wani ya sa hannu, wani ya sa kai, wani ya ce wa akwatin sannu da aiki. Da na leƙa da kaina, na tarar da goron mai unguwa a naɗe cikin ganye, da man shanun matar wanzami, da wata hular da har yau ban san mai ita ba. Na kwaso su na watsar waje, ban da goron, shi na miƙa da hannu biyu. Na ɗaure ƙofar akwatin da igiyar guga, na zauna na jingina bayana da ita, muciya a cinya. Mace a tsakiyar maza, na sani, a yi ta faɗa. Zamana ya ɓata awo, Nasidi ya duba faranti ya sallami tela, daga baya ya sake kiransa ya ce ya zauna kusa da ƙofa.

Ana cikin haka Nasidi ya zo ya raɗa mini cewa ya girgiza tukunyar gas, ta yi sakayau. Babu wata sai Kano. Na ce za ta kai? Ya ce bai sani ba, kuma a karon nan bai yi tarin Bature ba.

Nakan bar shi a bakin akwatin in leƙa Baba. Kowace shiga sai na ga ya ƙara shigewa cikin bargon. Muryarsa ta koma kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Ba ya tambayar kowa komai, ni kaɗai yake jira, in na durƙusa ya ce, "Ta nuna?"

In ce, "Ta kusa, Baba."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya fi mini zagi ciwo. In fito in koma in zauna a gaban mai unguwa, ina jin sa yana ba wanzami labarin wata farauta, ina ji kamar in fasa ihu. Tsoro nake ji. Ina tsoron wuta ta riga ƙanƙara, ina tsoron Baba ya riga su duka.

Daga nan ba wanda ya ƙara taɓa akwatin, ya kwana a ɗaure, gari ya waye Nasidi ya ce a ƙara masa lokaci. Bayan azahar, kowa ya dawo daga masallaci ya koma gurbinsa, sai Ɗantala ya yi kira daga baya, "Laure, wutar nan fa ta koma ja." Kafin Nasidi ya zagaya ta yi fat-fat ta mutu. Ya murɗa, ya danna, ya ƙyasta ashana har kwalin ya ƙare. Ya dawo ya tsaya a ƙofa, hawaye na bin kumatunsa, ya ce, "Yaya, ta ƙare."

Na tashi na kwance igiyar. Na buɗe akwatin, na jawo farantin ƙarfen, sai ya manne mini a yatsu. Na kifa shi, ko ɗigo bai zubo ba.

Guɗa na yi, wadda ban yi ba ko a bikin 'yata. Na diro ƙasa, na fizgi tasa daga hannun Gwaggo Saude da ta fito jin ihu, na buga farantin a bakinta. Ƙanƙara ta zubo ƙwal-ƙwal-ƙwal, fara tas, tana hayaƙi.

Mai unguwa ya ce, "Ina? Mu gani!" Ya miƙe zumbur ya nufi tagar baya. Tela da wanzami da ladan, da suka saba duk inda ya motsa su motsa, suka rasa ina ne ɗaya gefen, suka bi shi. Nasidi ya yi tsalle ciki don ya tare su. Ɗakin ya ɗaga hancinsa sama, ya zauna da gindi, jif! Kwanuka suka zube, ƙofa ta rufe kanta, aka kaure da salati. Na ji muryar Nasidi daga can ƙasa yana cewa ya mutu.

Na danƙa wa Gwaggo tasar na ce, "Gwaggo, kai masa yanzu-yanzun nan!" Na ruga. Ina isa sai ga kan Nasidi ya ɓullo ta taga, ya ce bai mutu ba, amma mai unguwa na kan tela, tela kuma ya daina magana sai ƙifta ido. Na ce to ku ƙarata, na juya na shige gida.

A tsakar gida na ci karo da Gwaggo tana fitowa daga madafa, tasa a hannun dama, butar ruwan zafi a hagu. Ɗan tururi na tashi daga tasar.

Na ce, "Gwaggo, ina ƙanƙarar?"

Ta ce, "Tana ciki. Na surka masa ne. Yadda ta ƙone mini yatsu da sanyi, ita za a ɗura wa mai ciwon ƙirji?"

Na leƙa. Ruwa ne, da wani ɗan siririn abu kamar farce yana juyi, ina kallo ya ɓace.

Ni Laure, da aka sani daga tasha har kasuwa, na tsaya ina kallon ruwan. Na so in yi zagi, na so in kifar da tasar a kanta. Sai ta riga ni magana. Ta ce, "Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Ba zan miƙa shi ga sanyi da hannuna ba." Ta wuce ni ta shiga ɗakin, na bi ta kamar wadda aka ja da igiya.

Baba ya ji motsinmu ya buɗe ido. Ya ce, "Ta nuna?"

Gwaggo ta tallafo kansa ta kai masa tasar. Bai sha ba. Ya zaro hannu daga bargo, ya tsoma yatsa a ruwan, ya zagaya da shi a hankali yana lalube, ya kai gefe, ya dawo tsakiya. Sannan ya ɗago ya dube ni. Bai yi fushi ba, bai kuma tambaya ba. Ya ce, "To," ya mayar da kai.

Na durƙushe a gaban gadon, sai na ji wani abu ya bugi gwiwata. Farantin ƙarfen ne. Tun da na ciro shi ban sake shi ba, yana hannuna na hagu, yatsuna sun ƙage a jikinsa har ba na jin su. Na yar da shi, na ture bargon, na ɗora tafin hannun a kumatun Baba, na shafa zuwa leɓensa.

Ya zabura, ya ja numfashi ta haƙora. Idonsa ya buɗe sosai, irin buɗewar da ban gani ba tun da ya kwanta. Ya kamo wuyan hannuna da hannunsa biyu ya danne a fuskarsa.

"Ita ce," in ji shi. "Wallahi ita ce. Kada ki ɗauke."

Ban ɗauke ba. Ina jin zafin jikinsa yana shiga yatsuna ɗaya bayan ɗaya, har hannun ya koma hannu kamar na kowa. Na san sanyin ya tafi, shi ma ya sani, amma bai saki ba. Na kifa kaina a bakin gadon na yi kuka, kukan baƙin ciki da na daɗi a haɗe, ban iya raba su ba. Gwaggo na tsaye da tasarta, ba ta ja bargon ba.

A waje ana ta ihu a kawo igiya a ciro mai unguwa, ana kiran sunana. Ban fita ba.